Yadda ake dawo da jerin zaɓin tashi da fuskar kwamfuta bayan an koma Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Da yake Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi, ciki har da na gwanjo da suka cika kasuwannin Najeriya, wasu masu amfani da su sun ɗora Ubuntu ko Linux Mint a gefen Windows. Abu biyu ne kan fara tayar musu da hankali: ɓacewar jerin da ake zaɓar manhaja daga cikinsa idan an kunna kwamfuta, da kuma baƙuwar fuskar da suke tararwa bayan ta tashi.

Na farkon ya fi haɗari, domin shi ne ke sa mutum ya amince a share masa kwamfuta baki ɗaya. Ɓacewar jerin ba ta nufin takardu da hotuna sun salwanta. Galibi suna nan inda suke, hanyar shiga ce kawai ta ɓuya.

Ƙaramar manhajar da ke nuna jerin sunanta GRUB. Wani lokaci ɓoye ta aka yi, kuma danna Esc yayin tashi, ko riƙe Shift a tsofaffin kwamfutoci, zai fito da ita. Idan ta fito babu sunan Windows a ciki, dalilin sananne ne: tun daga GRUB 2.06 da aka fitar a 2021, an kashe os-prober, wato ɓangaren da ke neman sauran manhajojin da ke kan kwamfutar, sai dai mai ita ya kunna. Ana buɗe fayil ɗin /etc/default/grub a ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, a mayar da GRUB_TIMEOUT_STYLE zuwa menu, a sa GRUB_TIMEOUT=10 domin jerin ya jira daƙiƙa goma. Daga nan a rubuta umarnin sudo update-grub. Wanda ya tsallake wannan umarni, gyaransa bai fara aiki ba.

Akwai kuma akasin haka, inda kwamfuta ke wucewa kai tsaye zuwa Windows, sau da yawa bayan sabunta ta. A nan Windows ce ta koma sahun gaba a tsarin UEFI. Maɓallin F12 a Dell ko F9 a HP na nuna zaɓin, sannan a shiga saitin a dawo da Linux sama. In hakan ya faskara, a tayar da kwamfutar da filashin da aka ɗora Linux da shi, a sauke manhajar Boot-Repair.

Kafin duk wannan, wanda Windows ɗinsa ke kulle da BitLocker ya fara adana lambar ceto mai alƙaluma 48, domin taɓa tsarin tashi na iya sa a nemi ta. A kuma tabbatar batir ya cika, don ɗaukewar wuta a tsakiyar gyara ta fi matsalar farko muni.

Batun fuska kuwa mai sauƙi ne. Ubuntu na amfani da GNOME tun 2017, kuma ƙarin Dash to Panel na mayar da sandar manhajoji ƙasan allo, ArcMenu kuma ya kawo jeri irin na Start. Amma ƙari irin wannan kan daina aiki idan an sabunta GNOME har sai masu shi sun gyara. Saboda haka ga ma'aikacin ofis ko ɗalibin da hannunsa ya saba da Windows, Linux Mint mai fuskar Cinnamon ta fi dacewa, tunda da sandarta a ƙasa da jerinta a kusurwar hagu take zuwa.