Serena Williams: Gwarzuwar da Aka Ƙera a Gida

Tun kafin a haifi Serena Williams mahaifinta ya shata mata hanya. Richard Williams ba ɗan wasa ba ne. Wata rana yana kallon talabijin ya ga an miƙa wa 'yar wasan tanis ta Romaniya, Virginia Ruzici, kuɗi masu tsoka, sai ya zauna ya cika shafi 78 da tsarin horar da 'ya'yan da bai ma haifa ba. Venus ta zo a 1980, Serena ta biyo ta ranar 26 ga Satumba 1981 a garin Saginaw na jihar Michigan, Amurka.

A Compton suka tashi, kusa da Los Angeles, garin da ya yi ƙaurin suna wajen 'yan daba da harbe-harbe. Tanis kuwa a lokacin wasan fararen fata masu hannu da shuni ne. Richard da matarsa Oracene Price suka koyi wasan da kansu, suka koya wa yaran. Sai a tura keken cefane maƙil da tsofaffin ƙwallaye zuwa filin gwamnati da duk ya tsattsage, a share fasassun kwalabe, sannan a fara. Abokiyar karawar Serena ta kullum ita ce yayarta, wadda ta fi ta tsawo, ta kuma saba doke ta. A 1991 iyalin suka koma Florida wajen koci Rick Macci.

Tana shekara 14 ta shiga sahun ƙwararru a 1995. A 1999 ta doke Martina Hingis ta ɗauki kofin US Open. Rabon da baƙar mace 'yar Amurka ta ci ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya a wasan ɗai-ɗai tun Althea Gibson a 1958. Amma ba kowa ya yi maraba ba. A 2001 a gasar Indian Wells, Venus ta janye daga karawarta da Serena saboda rauni, 'yan kallo suka zargi uban da haɗa baki, suka yi ta yi wa Serena ihu a wasan ƙarshe. Ta ci kofin, ba ta sake taka filin ba sai 2015.

Daga 2002 zuwa farkon 2003 ta haɗa kofunan Faransa, Wimbledon, Amurka da Ostireliya a jere, kuma a duk wasannin ƙarshe huɗun Venus ce a tsallaken raga. Sai jarrabawa ta biyo baya: a Satumba 2003 aka harbe babbar yayarsu Yetunde Price a Compton. Baƙin ciki da raunuka suka ja ta baya, har aka fara cire rai da ita. Tana ta 81 a duniya ta je Ostireliya a 2007 ta lallasa Maria Sharapova da ci 6-1, 6-2. A 2011 jini ya daskare mata a huhu. Shekara na zagayowa ta ci Wimbledon, zinaren Olamfik a Landan da US Open, sannan ita da Venus suka ziyarci Legas. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Babban kofinta na 23 ya zo a Janairu 2017 a Melbourne, tana ɗauke da ƙaramin ciki, ta wuce Steffi Graf mai 22. Wadda ta doke ranar ma Venus ce. Bayan haihuwar 'yarta Olympia, wadda ta kusa cin ranta, ta kai wasan ƙarshe na manyan gasanni sau huɗu, amma ba ta kamo 24 na Margaret Court ba.

Ranar 2 ga Satumba 2022 ta buga wasan bankwana a New York, bayan ta yi jimillar mako 319 tana ta ɗaya a duniya, ga manyan kofuna 14 na 'yan biyu-biyu da ta ci tare da yayarta. Tana hawaye ta gode wa iyayenta, sannan ta shaida wa duniya cewa ba don Venus ba, da babu Serena.