Murhun Jin Ɗumi a Motar Tafi-da-gidanka: Na Gas da Na Lantarki

Motar tafi-da-gidanka mota ce da aka ƙera da ɗakin kwana, da madafa, da banɗaki a cikinta, ta yadda matafiyi zai yi kwanaki ko watanni yana zaune a ciki. An fi amfani da ita a Amurka, Kanada, Turai da Ostiraliya. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Amurka ana haɗa su ne a jihar Indiyana, musamman a yankin Elkhart. Murhun jin ɗumi kuwa shi ne ɗan akwatin da ake dasawa a bangon falon motar, galibi a ƙarƙashin talabijin, yana ba da zafi, mai kallo kuma yana ganin harshen wuta ta bayan gilashi. Iri biyu ne: na lantarki da na gas. Abin da ke raba gardama tsakaninsu shi ne inda motar ke kwana, wato ko a zangon da ake jona mata wuta, ko a jeji inda babu turken lantarki.

Murhun lantarki

Ba a ƙona komai a cikin murhun lantarki. Wayar ƙarfe ce ke yin ja idan wuta ta ratsa ta, sai ƙaramar fanka ta huro iska mai zafi ta wata kafa a sama ko a ƙasan gilashin. Harshen wutar da ake gani hoto ne: fitilun LED ke haska wasu ƴan madubai da ke juyawa a hankali a jikin sanda, hasken ya riƙa rawa a bayan gilashi. Kamfanin Dimplex ne ya yi fice da wannan dabara, tun fitowar samfurinsa Optiflame a Birtaniya a 1988. Furrion da Greystone na cikin masu ƙera irin wanda ake sakawa a motocin Amurka.

Ƙarfin mafi yawansu a Amurka wat 1,500 ne, wanda ya yi daidai da kusan BTU 5,100 a awa. BTU shi ne ma'aunin zafi da ake rubutawa a jikin irin waɗannan na'urori. A wutar Amurka mai bolt 120, murhun yana jan amfiya 12.5. Zangunan matafiya na can suna ba da layi iri biyu: mai amfiya 30, wato wat 3,600, da mai amfiya 50, wanda ke kaiwa wat 12,000. Wanda ke kan layin 30 idan ya kunna murhu, ya jona butar lantarki, tankin ruwan wanka kuma yana kan wuta, ya wuce iyaka, sai wutar ta yanke a bakin turke. A Turai wutar bolt 230 ce, zangunan kuma suna ba da amfiya 6, 10 ko 16. Layin amfiya 6 iyakarsa wat 1,380, don haka murhu mai wat 1,500 shi kaɗai ya fi ƙarfinsa.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya cin iskar ɗaki, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara danshi, kuma ba sai an huda bangon mota ba kafin a dasa shi. Ana iya kunna hoton wutar kawai ba tare da zafi ba. Inda kuɗin wuta ke cikin kuɗin kwana, mai mota yana jin ɗumi ba tare da ya taɓa gas ɗinsa ba. Rauninsa guda ne, amma babba: da zarar an zare waya daga turke, aikinsa ya kusa ƙarewa. Batirin litiyam mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da kimanin wat-awa 1,280, wanda murhun zai shanye kafin awa guda ta cika. Sai dai a tayar da janareta, zanguna da yawa kuwa suna hana kunna shi da dare saboda ƙara.

Murhun gas

Gas ɗin da ake nufi shi ne na tukunya, irin na girki, kuma kala biyu ne: furofen da butan. Bambancinsu yana fitowa ne a lokacin sanyi. Butan yana daina zama iska idan sanyi ya kai kusan digiri sifili a ma'aunin Salshiyas, sai a buɗe tukunya cike da ruwan gas amma babu abin da ke fitowa. Furofen yana aiki har zuwa digiri 42 ƙasa da sifili, shi ya sa masu tafiyar hunturu suka dogara da shi.

Fifikon gas shi ne yawan zafin da ke cikin ƙaramin nauyi. Tukunyar da aka saba gani a Amurka tana ɗaukar kusan kilo 9 na furofen, wato BTU 430,000 ko kusa da haka. Murhun lantarki mai wat 1,500 sai ya yi sama da awa 80 a kunne kafin ya ba da wannan adadi. Dalili ke nan da masu sauka a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, inda dubban motoci ke taruwa duk watan Janairu a filayen gwamnati marasa turken wuta, suke riƙe da gas.

Murhun gas kashi biyu ne, kuma rabon ya shafi rai. Na farko rufaffe ne: wutar na ci a cikin akwati mai gilashi, tana shaƙar iska daga waje ta bututu, tana mayar da hayaƙinta waje ta wani. Misalinsa shi ne Newport na kamfanin Dickinson da ke Kanada, wanda asali don jiragen ruwa aka ƙera shi, masu gyara ƙananan motoci zuwa masauki suka ɗauka. Na biyu ba shi da bututu, kamar Buddy na Mr. Heater mai BTU 4,000 zuwa 9,000, da Olympian Wave na Camco. Wannan yana ƙona iskar ɗakin ne, kuma duk abin da ya fita daga wutar a ɗakin yake zama.

Haɗari da kariya

Idan gas bai ƙone da kyau ba yana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ko wari. Tana manne wa jini fiye da yadda oksijin ke yi sau ɗari biyu ko fiye. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, mai barci kuma yana iya wucewa bai farka ba. Ita ce dai iskar da ke halaka masu shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa a lokacin hunturu, kuma cikin mota ya fi ɗaki ƙunci. Wasu murahun marasa bututu suna da na'urar da ke kashe su idan oksijin ya sauko daga kashi 21 cikin ɗari zuwa kusan 18, amma wannan ba ya maye gurbin buɗe taga, kuma ba a kwana a bar su a kunne.

Furofen ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa. Shi ya sa ake dasa ƙararrawar gas kusa da daɓe, ake ajiye tukunya a wani akwati mai kafa a ƙasa da ke kallon waje, ake kuma zuba wa gas ɗin sinadari mai wari tun daga ma'aikata. Ana gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu; inda kumfa ta tashi, nan ne yoyon. Ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin ɗari, domin ruwan gas yana kumbura da zafi.

Akwai kuma danshi. Kowane kilo na furofen da aka ƙona yana fitar da tururin ruwa kusan kilo 1.6. Idan murhun ba shi da bututu, da asuba za a tarar ruwa na tsiyaya a gilashin taga, ƙarƙashin katifa ya jiƙe, a kwana a tashi fumfuna ta kama bango.

A Amurka ƙa'idar NFPA 1192 ce ke tsara aikin gas a waɗannan motoci, a Turai kuma EN 1949, wadda ta tanadi cewa na'urar ɗumama da aka dasa a mota ta zama rufaffiya. A Jamus ana duba kayan gas na motar duk shekara biyu. Murhun lantarki ma yana da nasa sharaɗi: kada a toshe kafar iskarsa da labule ko bargo, kuma kada a jona shi da siririyar waya da za ta yi zafi ta narke.

Matsayinsa a tsarin ɗumama mota

Murhun jin ɗumi ƙari ne a kan babbar na'urar ɗumama da motar ke zuwa da ita. A Amurka wannan na'ura ta gas ce, mai BTU 20,000 zuwa 40,000, tana tura iska mai zafi ta bututai zuwa ɗakuna, a motoci da yawa har zuwa ƙarƙashin daɓe inda tankunan ruwa suke. A Turai Truma ta Jamus da Alde ta Suwidin ne suka fi yawa, wasu kuma suna amfani da na dizal irin Webasto. Nan ne masu sabuwar mota kan yi kuskure: murhun lantarki ya ɗumama falo, ma'aunin zafi ya ga ɗaki ya yi ɗumi sai ya bar babbar na'urar a kashe, ruwan da ke bututan ƙasa ya daskare ya fasa su. Idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, dole a bar babbar na'urar tana aiki.

Zaɓi

Wanda yawancin kwanansa a zango mai turken wuta ne, kuma sanyin da yake haɗuwa da shi matsakaici ne, murhun lantarki ya wadatar da shi, ya kuma fi sauƙin kuɗi da kulawa. Wanda ke kwana a jeji ko kan tsaunuka gas ne abin dogaronsa, kuma mai bututu zuwa waje, wanda ƙwararre ya dasa. Ko wanne aka zaɓa, motar da ke ɗauke da tukunyar gas tana buƙatar ƙararrawar hayaƙi, da ta gas, da ta kabon monoksayid, kuma a gwada su kafin kowace tafiya.