Daga Situdiyon Sakkwato Zuwa Katin Waya: Yadda Jitar Abzinawa Ta Zaga Duniya

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga yankin Tahoua na Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato domin ɗaukar waƙoƙinsa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da guntun katako da wayoyin birkin keke. Abin da ya kawo shi Sakkwato kuwa shi ne situdiyo irin wanda ke yi wa finafinan Hausa waƙa.

Waɗannan situdiyoyi suna da nasu tarihin. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙar fim a Kano, domin mutum ɗaya yana iya fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga daga cikinsa, ba tare da an tara makaɗa ba. Da kwamfuta ta shigo, manhajoji irin su FruityLoops suka sauƙaƙa jera kiɗa, sannan Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ta ba muryoyi wannan amon ƙarfe da kunnen Bahaushe ya saba da shi. Aiki ya yi sauƙi, ya yi araha, amma masu gurmi da garaya da kukuma suka koma gefe.

A wannan yanayi Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa mai suna Anar: jitar hamada a kan kiɗan na'ura, waƙa da harshen Tamashek, murya cikin Auto-Tune. Kundin bai bi ta hannun wani kamfanin dillancin waƙa ba. Ta Bluetooth da katin memori ya riƙa yawo daga waya zuwa waya, a tashoshin mota da majalisun shayi, har ya kai arewacin Mali. A garin Kidal ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar "Tahoultine" yayin da yake musayar waƙoƙi da matasa. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da ita cikin kundin Music from Saharan Cellphones, bayan an sha wahalar gano masu waƙoƙin. Bayan shekara goma, Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka.

A wancan lokaci aikin waya bai wuce dakon waƙa ba. Daga baya ta zama ita ce situdiyon. Dabarar da ke cikinta tsohuwa ce: makaɗin jita Les Paul na cikin waɗanda suka fara ɗora sauti bisa sauti tun ƙarshen shekarun 1940, kuma a 1979 kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio, mai ɗaukar layi huɗu a kaset. A 2011 GarageBand da FL Studio Mobile suka sauka a na'urorin hannu na Apple. Makaɗi yakan fara da saita saurin bugu, ya ɗauki jitar da ke riƙe kiɗan, ya yanki gaɓar da ta fi kyau ya sa ta riƙa maimaituwa, sannan ya ɗora jitar da ke jan waƙa a wani layin daban. Idan ya yi kuskure, wannan layin kaɗai zai sake. Ta wannan hanya Steve Lacy ya haɗa kiɗan "PRIDE." na Kendrick Lamar a iPhone, waƙar da ta fito a 2017. A 2020 Sahel Sounds ya riƙa fitar da jerin Music from Saharan WhatsApp duk wata, kiɗan da aka ɗauka da waya, inda ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ta buɗe fage.

Ga matashin da ke Gude ko Gwarzo a yau, wannan tarihi yana nufin tafiya birnin Kano da kuɗin situdiyo ba su zama sharaɗin farko ba. Makirfon da ke ɗaukar jita zai iya ɗaukar gurmi da garaya, kayan da fiyano ya ture shekaru talatin da suka wuce. Sai dai labarin "Tahoultine" yana ɗauke da gargaɗi. Waƙar ta yi shekaru tana yawo, sai da aka yi cigiya kafin a kai ga mai ita, kuma wasu waƙoƙin zamaninta sun ɓace tare da katunan da suka lalace. Duk wanda ya ɗauki kiɗa da waya, ya kamata ya rubuta sunan makaɗi da gari da shekara, ya kuma ajiye kwafi a wani wurin da ba wayar ba.