Allurar tazarar haihuwa da mace ke yi wa kanta

Sayana Press allura ce ta tazarar haihuwa, ƙirar kamfanin Pfizer, wadda mace kan iya yi wa kanta a ɗaki bayan ma'aikaciyar lafiya ta koya mata. Tsohuwar allurar Depo-Provera mai miligiram 150 cikin tsoka ake soka ta, galibi a asibiti. Wannan kuwa miligiram 104 ce, ƙarƙashin fata take tsayawa, a gaban cinya ko a fatar ciki, ana yin ta duk mako 13.

Maganin da allurar a haɗe suke cikin 'yar ƙaramar roba. Sai a girgiza ta kamar daƙiƙa 30, a tura murfin ya haɗe, a tsunkuli fata, a soka, a matse a hankali. Ba ta buƙatar firiji, amma a kiyaye ta daga zafin rana.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan yin ta a gida. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga matan ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoda, musamman da damina, lokacin da noma ya tsare mai gida, hanya kuma ta caɓe. Sai dai allurar kan rikita al'ada, kuma ciki kan yi jinkirin shiga bayan an daina.