Hasumiya da Ganga: Tarihin Cetara

Na isa Cetara da hantsi, ta hanyar da ta taso daga Salerno tana bin gefen duwatsu. Garin ɗan ƙarami ne a gaɓar tekun Amalfi, a kudancin Italiya. Yana kwance a bakin wani matsattsen kwari, duwatsu sun tokare shi ta baya, teku kuma ta tare shi ta gaba. Rashin fili ya sa gidaje suka hau kan juna, manoma kuwa suka sassaƙa tudu hawa-hawa suka dasa lemun tsami.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne hasumiyar dutse da ke tsaye a bakin ruwa. Tsoro ne ya gina ta. A shekarar 1534 jiragen yaƙin Turkawa suka afka wa garin, suka kwashe mutane da dama zuwa bauta. A ƙarnin ne kuma aka ƙarfafa hasumiyar, lokacin da Sifaniyawa ke mulkin yankin, domin masu gadi su hango abokan gaba tun daga nesa. Can cikin gari kuma, ƙubbar cocin San Pietro, mai ado da fale-falen tangaran, tana ɗauke da sunan manzon da shi ma masunci ne.

Sai dai ni a ganina, tarihin garin ya fi zama a cikin wata 'yar gangar katako. Bisa al'ada, daga ƙarshen Maris zuwa Yuli masunta kan kamo ƙananan kifayen da suke kira alici. A cire kai da hanji, a jera su cikin ganga, layin kifi layin gishiri, sannan a danne da nauyi. Bayan watanni sai a huda gindin gangar, wani ruwa mai launin zuma ya riƙa ɗiga. Shi ne kolatura, wanda ake dangantawa da garum, romon kifin da Rumawan dā suka yi fice da shi. A daren jajiberin Kirsimeti akan zuba shi a kan taliya, da tafarnuwa da man zaitun.

Dabarar talaka ce wannan. Idan sanyi ya shigo, teku ta yi fushi, jirage suka kasa fita, abin da aka adana da gishiri shi ke riƙe gida. A 2020 Tarayyar Turai ta ba kolatura ta Cetara kariyar suna, har ta zama abin alfaharin manyan gidajen abinci.

Da na ɗanɗana ta, sai na tuna cewa littattafai sun adana shekarar da maharan suka zo, amma ba su adana sunayen hannayen da suka yi ta jera kifi har garin ya sake tsayawa da ƙafafunsa ba. Hasumiyar ta daina gadi tun tuni. Gangar kuwa har yau ana cika ta duk shekara.