Shayi: ire-irensa, kayan haɗa shi da tasirinsa ga lafiyar mai sha

A garin Keffi na Jihar Nasarawa, teburin mai shayi yana cikin wuraren da ke fara buɗewa bayan sallar asuba. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Akwanga, kimanin kilomita 50 daga babban birnin tarayya, don haka direbobi da ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da masu jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya duk sukan karya kumallo da shayi da burodi. Da dare kuma majalisar 'yan shayi ce ke raya unguwa, musamman a lokacin hunturu da watan azumi.

Duk da wannan sabo, mutane da yawa ba su san daga ina ganyen yake zuwa ba, ko abin da yake yi wa jiki. Binciken masana ya nuna cewa ganyen kansa ba shi da wata illa ga yawancin manya masu lafiya, yana ma iya yin amfani. Abin da ke raba mai amfana da mai cutuwa shi ne yawan sukari, da zafin ruwan, da lokacin da aka sha.

Asalin ganyen da sunansa

Duk shayi na ainihi daga tsiro guda yake fitowa, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Asalinsa yankin kudu maso yammacin Sin ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da shi. Yana da manyan jinsuna biyu: na Sin mai ƙananan ganye da ke jure sanyi, da na Assam a Indiya mai faffaɗan ganye, wanda shi aka fi nomawa a Afirka.

Kalmar shayi ta shigo Hausa daga Larabci, Larabawa kuma sun samo ta ne daga sunan da Sinawa ke kiran ganyen da shi. Kalmar ataya, wadda ake ji a bakin Buzaye da mutanen Nijar, ta biyo hanyar Maroko da Sahara.

A yau Sin ce kan gaba wajen noman shayi a duniya, sai Indiya, sannan Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi zuwa waje. A Nijeriya ana noma shi a tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda tudun ƙasa ya haura mita 1,500, ga sanyi ga wadatar ruwan sama. Masana'antar da ke Kakara ce ke fitar da Highland Tea, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya tana da reshe a Kusuku da ke nazari kan shayi. Sai dai abin da ake nomawa bai kai buƙatar ƙasa ba, shi ya sa kaso mai yawa na ganyen da ke kasuwa daga waje yake zuwa. A 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Mayun kowace shekara a matsayin Ranar Shayi ta Duniya.

Ire-iren shayi

Bambancin ire-iren shayi yana samuwa ne bayan an tsinko ganyen. Duk wanda ya taɓa gutsirar goro ya ajiye ragowar ya ga yadda wurin da haƙori ya taɓa ke yin duhu idan iska ta buge shi. Haka ganyen shayi yake: idan aka murza shi aka bar shi a iska, sai launinsa da ɗanɗanonsa su sauya.

Baƙin shayi shi ne wanda aka bari iska ta gama aikinta a kansa. Shi ne ke cikin 'yan jakunkuna irin na Lipton da Highland, kuma shi ne a tukunyar mai shayi. Idan aka sha shi ba madara, Hausawa kan ce ruwan bunu. Idan aka cika masa madara da garin koko da sukari, ya zama haɗin kauri.

Koren shayi kuwa ana dumama ganyensa da tururi ko a kasko nan da nan bayan tsinka, don hana shi yin duhu. Shi ne ganyen shayin Buzaye, wanda galibi daga Sin ake shigo da shi. Ana dafa shi a 'yar buta a kan gawayi, a sha zagaye uku: na farko mai ɗaci da ƙarfi, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi da sauƙi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai ulon, wanda aka tsayar da sauyinsa a rabin hanya. Akwai farin shayi, da ake yi da tohon ganye a shanya kawai. Akwai kuma maca na Japan, koren ganye da ake niƙewa ya zama gari a dama a sha gaba ɗaya. Waɗannan ukun sai a manyan kantunan birane ake samun su.

Daban da su akwai abin da ake kira shayi alhali babu ganyen shayi a ciki, kamar na zoɓo da na zogale da na na'a-na'a, da dafaffen kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari da kirfa da kimba da masoro. Citta ba ta yi wa mutanen Keffi nisa ba, domin yankin Kachia da Kwoi a kudancin Jihar Kaduna shi ne cibiyar nomanta a Nijeriya. Irin waɗannan ba su ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, sai in an haɗa su da ganyen shayi.

A wasu garuruwan Arewa, musamman Kano, akwai kuma gadagi, haɗin da masu aikin ƙarfi ke sha don kore gajiya. Abin da ake zubawa a cikinsa ya bambanta daga mai sayarwa zuwa wani, don haka mai sha ba shi da tabbacin abin da ya shiga cikinsa.

Kayan haɗa shayi

Kayan aikin mai shayi sanannu ne: babbar tukunya ko buta da ke kan wuta, rariyar tace ganye, manyan kofuna biyu da ake shara shayi daga wannan zuwa wancan, cokali, da wuƙar yanka burodi. Sharawar tana narkar da sukari da madara, tana tayar da kumfa, tana kuma rage zafi. A majalisar ataya ana amfani da kurfoti na gawayi da 'yar butar ƙarfe da ƙananan kofunan gilashi a kan faranti. A gida kuwa filas ne ke riƙe zafin ruwa tun safe har rana.

Kowane ganye da irin ruwan da ya dace da shi. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa, a bar shi minti 3 zuwa 5. Koren shayi ya fi daɗi da ruwan da ya ɗan huce, mai zafin digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos, na tsawon minti 2 zuwa 3. Gwargwadon daɗewar ganye a wuta, gwargwadon ɗacinsa da yawan kafeyin da zai saki, wannan ne ya sa zagayen farko na ataya ke da ƙarfi duk da ƙanƙantar kofinsa. Ganye yana saurin ɗaukar wari da laima, saboda haka ake adana shi a gwangwani mai murfi nesa da kayan miya.

Akwai abubuwa uku na kiyayewa game da kayan aiki. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwan da ake ɗauraye kofuna a ciki tun safe ba tare da sauyawa ba yana iya mayar da su. Zuba shayi mai zafi a leda ba shi da kyau, domin ba don abinci mai zafi aka yi ta ba. Hura gawayi a ɗaki a rufe, kamar yadda wasu ke yi da hunturu, yana tara iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa.

Amfaninsa ga jiki

Ganyen shayi yana ɗauke da kafeyin, wanda ke wartsake mutum ya ƙara masa natsuwar aiki, da wasu sinadarai da masana ke alaƙantawa da lafiyar jijiyoyin jini. Wani nazari da masu bincike na Cibiyar Cutar Daji ta Amurka suka wallafa a 2022, bisa bayanan mutane kusan 500,000 a Birtaniya, ya gano cewa masu shan kofi biyu ko fiye na shayi a rana haɗarin mutuwarsu a tsawon shekarun nazarin ya yi ƙasa da kashi 9 zuwa 13 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa sha. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa shayin ne sanadi ba.

Game da zoɓo, wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa shan kofi uku a rana na tsawon mako shida ya ɗan sauke hawan jini ga masu matsalar da ba ta yi tsanani ba. Wannan ba dalili ba ne na ajiye maganin da likita ya rubuta.

Inda illa take

Babbar matsalar ita ce sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke samu a rana. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, kuma hukumar ta ce rage shi zuwa cokali 6 ya fi. Wanda ke zuba cokali huɗu a kofi, yana sha sau uku a rana, ya cika ma'aunin ke nan tun ba a lissafa sukarin da ke cikin madarar gwangwani mai zaƙi da garin koko da burodi ba. Yawan sukari yana kawo ƙiba da ruɓewar haƙori, ƙiba kuma tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Ta biyu ita ce ƙarancin jini. Sinadarin da ke ba shayi ɗaci da bauri yana riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyaye da hatsi, ya hana hanji tsotse shi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa baƙin shayi da aka sha tare da abinci yana iya rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna fama da ƙarancin jini. Maganin mai sauƙi ne: a bar tazarar aƙalla sa'a guda tsakanin abinci da shayi, kuma mai juna biyu kada ta haɗiyi maganin ƙarin jinin da aka ba ta wurin awo da shayi.

Ta uku ita ce kafeyin. Matsakaicin kofi na baƙin shayi yana ɗauke da miligiram 40 zuwa 50, kusan rabin abin da ke cikin gahawa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a rana ba ya cutar da babba mai lafiya, amma ga mai juna biyu iyakar miligiram 200 ce. Wuce gona da iri yana jawo rashin barci da bugun zuciya da karkarwar hannu. Kafeyin yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bar jiki, shi ya sa shayin dare ke cinye barcin wasu. Direban da ke dogara da shi ya sani cewa yana jinkirta barci ne kawai, gajiyar tana nan.

Ta huɗu ita ce zafi. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta WHO ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa dajin bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki. Laifin na zafin ne, kuma jiran 'yan mintoci kafin kurɓa ya wadatar.

Su wa ya kamata su fi kula

Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya kamata ya sha, kamar yadda WHO da hukumomin lafiya na Nijeriya ke jaddadawa, don haka ba shi da rabo a shayi. Ga ƙananan yara, shayi mai sukari yana cika ciki ya hana cin abinci mai gina jiki. Masu ciwon sukari su sha ba sukari, masu ƙwannafi da gyambon ciki kuma su lura ko shayi mai ƙarfi a kan yunwa yana tayar musu da ciwo.

Akwai kuma kayayyakin da ake tallatawa da sunan shayin rage ƙiba ko wanke ciki ko ƙarin kuzari. Wasu suna ɗauke da ganye mai sa gudawa, wasu kuma ba a bayyana abin da ke cikinsu. Hukumar Turai da aka ambata ta yi gargaɗi a 2018 cewa ƙwayoyin da ake yi da tataccen sinadarin koren shayi, idan aka sha da yawa, suna iya taɓa hanta, ko da yake ba ta ga matsala a koren shayin da ake jiƙawa a sha yadda aka saba ba. Mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, wanda ke kan magani kuma ya tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magunguna tukuna.

Ga babba mai lafiya, kofi biyu zuwa huɗu a rana, da ɗan sukari kaɗan, a kofi mai tsabta, bayan ya ɗan huce kuma nesa da lokacin cin abinci, ma'auni ne da ya yi daidai da shawarwarin da aka kawo a sama. A teburin mai shayi, mai saye ne ke faɗin cokali nawa za a zuba masa.