Farashi Na Magana, Yawan Ciniki Na Ba Da Shaida

Maƙalarmu ta wannan mako za ta leƙa kasuwar hannayen jari ta Amurka, inda ake auna yawan ciniki don a gane ko tashin farashi na gaske ne.

A 1867 Edward Calahan ya ƙirƙiro na'urar da ke buga farashin hannayen jari a kan siririyar takarda ta hanyar wayar tangaraho. Da tafiya ta yi nisa, takardar ta riƙa nuna adadin hannayen da aka sayar a kowane ciniki. Daga nan masu lura suka fara tambaya: farashi ya tashi, to amma hannu nawa aka saya kafin ya tashi? Richard Wyckoff ya rubuta littafi a 1910 kan karanta wannan takarda. Su ma almajiran Charles Dow, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Wall Street Journal a 1889, sun tsaya a kan cewa tashin da ciniki mai yawa bai raka shi ba, abin tuhuma ne.

Wanda ya fito da tunanin fili a matsayin lissafi mai sauƙi shi ne Joseph Granville, a littafinsa na 1963. Ma'auninsa, da ake kira OBV, ga yadda yake: ranar da farashi ya rufe sama da na jiya, a tara cinikin ranar gaba ɗaya, ranar da ya rufe ƙasa, a debe. Misali, Litinin an sayar da hannu 10,000 farashi ya hau, Talata an sayar da 4,000 ya sauka, jimilla 6,000 ke nan. Idan jimillar na hawa alhali farashi na tsaye, ana kyautata zaton manya na saye a ɓoye. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai tarihin Granville kansa gargaɗi ne. A Janairun 1981 ya umarci mabiyansa su sayar da komai. Washegari ma'aunin Dow ya faɗi da fiye da kashi 2 cikin 100, aka yi cinikin da ba a taɓa yin irinsa ba a rana guda. Sunansa ya cika gari. Amma da kasuwa ta kama dogon tashi a Agustan 1982, ya kafe kan cewa faɗuwa za ta yi, waɗanda suka bi shi suka tafka asara.

Akwai kuma tambayar inda alƙaluman suka fito. Kasuwar canjin kuɗaɗen waje ba ta da cibiya ɗaya mai ƙidaya duk ciniki. A 2019 kamfanin Bitwise ya shaida wa hukumar kula da hannayen jari ta Amurka cewa kusan kashi 95 cikin 100 na cinikin Bitcoin da dandamali ke bayyanawa na bogi ne. Ma'aunin da aka ɗora a kan ƙarya, ƙarya zai haifa.

Amfanin yawan ciniki shi ne ya gaskata ko ya ƙaryata abin da farashi ya faɗa. Sanin gobe kuwa sai Allah. Duk wanda ya zo maka da zane a waya yana rantsuwar riba, tambaye shi wa ya ƙidaya cinikin, kafin ka saka kuɗin guminka.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.